Wuyar da Ke Wuya: Rayuwa Bayan Sankarar Maƙogwaro

Mu biyar muka je dubiyar maƙwabcinmu ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Muka yi sallama a ƙofar zaure, shiru. Muka sake yi, sai muka ji an buga cokali a jikin kofin silba sau biyu. Ɗansa ya leƙo ya ce, "Ku shigo mana, ai Baba ne ya amsa."

Yana kishingiɗe a kan darduma, da wani farin ƙyalle ɗaure a wuya, ƙyallen yana ɗan lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi. Mutumin nan ya fi shekara talatin yana dillancin hatsi. In yana ciniki a bakin rumfa, na ƙarshen layi ma ya san farashin da ake ciki. Yanzu likitoci sun cire masa akwatin murya ɗungurungum, saboda sankara ta cinye shi.

Ɗayanmu ya durƙusa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, "Sannu Malam! Ya jiki?" kamar kunnen aka yi wa aiki. Wani ya juya wajen ɗan ya ce, "Yana dai samun cin abinci ko?" alhali ga mai cin abincin nan yana kallonmu. Ni ma haka na yi. Muka yi addu'a, muka tura ɗan abin dubiya ƙarƙashin matashi, muka fito muna cewa ai jiki ya yi kyau. Kuma gaskiya ne, aiki ya yi kyau. Sai da aka yi watanni kafin na lura cewa tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa farashin masara, ko ya kawo masa ƙarar yara, ko ya tsokane shi. Kowa sannu yake yi masa ya wuce.

Abin da wuƙa ke ɗauka

Sankarar maƙogwaro suna ne da ya haɗa ciwuka da dama: wadda ke kama akwatin murya, wato wurin da zakaran wuya yake, da wadda ke kama tushen harshe da kewayensa, da ta mashigar abinci. Ta akwatin murya kaɗai, ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna ta kama mutum kusan 189,000 a shekarar 2022, ta kashe kusan 103,000. Maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ta, sai ƙwayar cutar HPV ga wadda ke fitowa a tushen harshe. Amma akwai waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba ta same su, kuma ko wanda ya sha ɗin ba ya bukatar a riƙa tuna masa a bakin gado.

Alamarta ta farko ba ta da ban tsoro, shi ne ma matsalar. Murya ce ke dishewa. A ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari, a sha zuma da lemon tsami. In ta ƙi, a je kemis. Wani a kai shi wajen wanzami a cire beli, wani a yi ta ba shi maganin asma ko na tarin fuka. Ƙa'idar likitoci kuwa ita ce duk dishewar muryar da ta wuce mako uku a leƙa maƙogwaron a gani, domin idan aka kama ciwon yana ƙarami, yawanci ana warkewa kuma murya ta tsira. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Najeriya sun sha rubuta cewa akasarin majinyatansu sai ciwon ya tsufa suke zuwa, da yawa ma sai numfashi ya toshe, a huda wuya cikin gaggawa kafin a yi maganar komai.

In ta kai ga cire akwatin murya, likita yana raba hanyar iska da ta abinci har abada. Bututun numfashi a janyo shi a ɗinke a wata ƙofa a gindin wuya, sama da ƙashin ƙirji. Daga ranar iska ta daina bi ta hanci da baki. Kowa ya san murya za ta tafi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sauran abubuwan da ke bin ta. Ƙamshi ya tafi, tunda ba iskar da ke kai shi hanci: ba daddawa a miya, ba turaren wuta, ba ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, kuma in abu yana ƙonewa a ɗaki ba zai ji ba. Ba zai hura kunu mai zafi ba, ba zai fyace majina ba, shaƙa ruwa a alwala ya gagara. Ɗaukar kaya mai nauyi ya yi wahala don ba ya iya riƙe numfashi ya yi nishi. Wanka ya zama abin lissafi, domin ruwan da ya faɗa ƙofar nan huhu ya nufa kai tsaye. Dariyarsa ba ta da sauti, kukansa ma haka. Tsaki dai yana nan, shi ba ruwansa da huhu, kuma maƙwabcinmu ya more shi sosai a watannin farko.

Ba kowa ake yi wa wannan aiki ba. Tun bayan wani babban gwaji da aka buga a 1991 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka haɗa musu kemo da gashin na'ura sun tsira da akwatin muryarsu, wannan hanya ta samu karɓuwa. Sai dai ita ma tana da nata kuɗin. Mako shida zuwa bakwai ake yi, kwana biyar a kowane mako. A gasa wata roba mai raga a manna ta a fuska ta ɗauki siffar mutum, kullum a kwantar da shi a ɗaure robar a jikin gado don kada kai ya motsa, kowa ya fita a bar shi da inji. Wajen mako na uku baki ya fara gyambo, yawu ya kafe ko ya yi kauri, abinci ya koma kamar dusa, yaji ya zama garwashi. Wasu bushewar bakin ba ta barinsu har iyakar rai. Mutumin da ya saba a ajiye tire ɗaya a zaure a sa hannu tare, yanzu loma ɗaya sai da kurɓin ruwa uku da tari. Sai ya fara cewa a kai masa nasa ɗaki.

Masu binciken sankara a Turai suna da wata takardar tambayoyi 35 da suka keɓe wa masu ciwon kai da wuya don auna abin da suke kira ingancin rayuwa. A ciki har da ko mutum yana jin nauyin cin abinci a gaban iyalinsa, da ko yana shan wahalar magana a waya. Wanda ya tsara waɗannan tambayoyi ya zauna da majinyata.

Murya ko tsawon kwana

A 1981 wata likita a Boston, Barbara McNeil, da abokan aikinta suka yi wa mutum 37 masu ƙoshin lafiya, 'yan kwana-kwana da manajoji, wata tambaya mai nauyi: da a ce kai ne, za ka zaɓi tiyatar da ta fi ba ka damar rayuwa amma ta ɗauke murya, ko gashin da zai bar maka murya amma damar ta ragu? Lissafinsu ya nuna kusan ɗaya cikin biyar zai gwammace muryarsa. Saboda haka idan dattijo ya saurari bayanin likita a Kano ko Sakkwato ya ce, "To, bari in je gida mu yi shawara," daga nan ba a sake ganinsa ba sai numfashi ya sarƙe, kuskure ne a tattara abin a kira shi jahilci. Ladan ne, ko malamin aji, ko kwandasta, ko mai talla, ko uwa mai ƙananan yara. Abin da aka ce za a cire masa da shi yake ci. In ba wanda ya zauna ya nuna masa yadda ake rayuwa bayan aikin, mai maganin da ya yi masa alkawarin warkewa ba yanka shi zai bi.

Tun farkon wannan tiyata aka san da haka. Theodor Billroth ne ya fara yi wa mai sankara ita a birnin Biyana, ranar 31 ga Disamba 1873, kuma mataimakinsa Carl Gussenbauer bai tsaya ba sai da ya ƙera wa majinyacin wata 'yar na'ura da zai riƙa fitar da sauti. Sarkin Jamus Frederick na Uku, wanda wannan ciwo ya kashe a 1888 bayan kwana 99 kacal a kan gadon sarauta, da 'yan takardu ya yi mulkinsa, yana rubutawa ana karantawa.

Har gobe abin da ake miƙa wa mutum ke nan in ya farfaɗo: takarda da biro. Maƙwabcinmu bai yi boko ba. Yana ɗan taɓa ajami, amma masu jinyar da ke kansa ba mai karanta ajami. Ɗansa ya ba ni labarin daren da ya yi ta nuna ƙirji yana zare ido, su suna ta gyara masa matashi, ashe kaki ne ya toshe ƙofar numfashin. Abin da zai hana irin wannan ba ya cin ko sisi. Kafin a shiga ɗakin tiyata a zauna da majinyaci da wanda zai yi jinyarsa a tsayar da alamu: wannan ruwa, wannan ciwo, wannan ba na iya numfashi. A zana hotuna a kwali. A ajiye ƙararrawa. A ɗauki muryarsa a waya tun tana nan, yana amsa sallama, yana kiran sunayen 'ya'yansa, yana cewa ina kwana. Jarumin fim ɗin Amurka Val Kilmer, da wannan ciwo ya lalata wa murya, wani kamfani ya sake gina masa ita da kwamfuta a 2021 daga tsofaffin maganganunsa. Mu ba mu kai nan ba, amma a ƙasar da rabin zumunci ya koma saƙon murya a WhatsApp, 'yan gaisuwa goma da aka adana a waya ba ƙaramar dukiya ba ce.

Ciwon da ba ya fita a hoto

Alƙaluman da ke kan wannan ɓangare ba su da daɗin ji. Wani nazari da aka yi kan bayanan majinyatan Amurka, aka buga a 2015, ya gano cewa masu sankarar kai da wuya suna kashe kansu fiye da ninki uku na sauran jama'a, kuma abin ya fi tsanani ga masu ta akwatin murya da ta mashigar abinci. A 2018 wani masani ɗan asalin Najeriya da ke aiki a can, Nosayaba Osazuwa-Peters, da abokansa suka nuna cewa ko a tsakanin masu sankara, waɗannan sun kusan ninka sauran. Alƙaluman Amurka ne, kuma a nan addini da dangi suna riƙe mutane ƙwarai. Amma abubuwan da ke haifar da ƙuncin ba su san iyakar ƙasa ba: ciwo ne a wurin da ba ya ɓoyuwa, ya taɓa magana da ci da numfashi a lokaci guda, ya kuma kashe sana'a.

Mu kuma muna da namu salon rufe shi. An raine mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma namiji ba ya raki. Majinyaci ya fara nuna alamar ƙunci, sai a tare shi da "Yi haƙuri, kaffara ce, wasu ma ba su samu an yi musu aikin ba." Maganar gaskiya ce, niyyar ma mai kyau ce, amma sau da yawa aikinta shi ne rufe baki. Tawakkali bai hana a ce da zafi. Wanda ya daina fita masallaci, ya daina aski, ya juya fuska bango in baƙi sun shigo, ba ya barci ko ba ya tashi, ya fara ture kwanon kunu, ya ce ba zai koma asibiti ba, ba taurin kai yake yi ba, kuma ba raunin imani ba ne. Ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma barinsa yana taɓa jinyar kanta, domin mai shi ya fi saurin yanke zuwa gashi da barin abinci.

Sai dai ka ce masa a je a ga likitan ƙwaƙwalwa ka ga yadda ido zai juye. Abin da zai faɗo masa asibitin mahaukata ne na Dawanau ko Kware ko Barnawa, ya ɗaga hannu ya nuna maka shi ba mahaukaci ba ne. Jimmie Holland, likitar da ta kafa sashen kula da tunanin masu sankara a babban asibitin Memorial Sloan Kettering na New York a 1977, ta ci karo da irin wannan ƙyama a can ma. Dabarar da ita da abokan aikinta suka fito da ita ita ce a bar manyan sunayen cuta, a yi tambaya da kalmar da kowa ke amfani da ita ba kunya. Suka zana ma'auni kamar na zafin jiki, daga sifili zuwa 10: a makon nan, damuwarka ta kai nawa? Wanda ya nuna 4 ko sama, a zauna da shi a bi dalilai ɗaya bayan ɗaya, kuɗi ne, kuɗin mota ne, iyali ne, tsoro ne, ciwo ne, ko ibada. Ban san wata dabara da ta fi wannan dacewa da mutumin da ba shi da murya kuma bai yi boko ba. Yatsu goma gare shi.

Wa zai yi tambayar? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka jiran su jiran gawon shanu ne. Nas ɗin da ke wanke ƙofar wuyan ita ce ta fi kowa kusa, sai ma'aikacin walwala na asibiti, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin horar da irinsu su gane ciwon damuwa su fara taimako. Akwai ƙungiyar masana wannan fanni a Najeriya, wadda ta samo tushe a Ibadan. Akwai kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takarda dai ta samu.

Magani ma yana da gurbinsa. A wani gwaji da William Lydiatt ya jagoranta a jihar Nebraska, aka buga a 2013, an ba wasu majinyata maganin damuwa tun kafin su fara jinya, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki. Kashi 10 cikin 100 na rukunin farko ne suka kamu da ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 25. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kemis ba. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa. Tiyata da gashi sukan raunana wata halitta da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo. In ta yi sanyi, mutum ya yi ta kasala da jin ɗari da mutuwar zuciya, kamar dai mai ciwon damuwa. Gwajin jini ke nuna ta, ƙwaya ɗaya a rana ke gyara ta.

Hausa ba maƙogwaro

Ta hanya uku ake dawo da magana. Akwai na'urar hannu mai kamar tocila, a danna ta a gefen wuya ta yi gunji, baki ya sarrafa gunjin ya zama kalma. Tana da saurin koyo, amma sautin na inji ne, yara su yi ta bin mutum. Akwai maganar gyatsa: mutum ya koyi tura iska cikin hanyar abinci ya dawo da ita, bakin hanyar ya kaɗa ya ba da sauti. Ba ta cin kuɗi, amma tana cin watanni, kuma da yawa ba sa kaiwa. Ta uku ita ce wadda Mark Singer da Eric Blom suka bayyana a 1980: a huda 'yar ƙofa tsakanin bututun iska da na abinci a sa wani ɗan marfi, mutum ya toshe ƙofar wuya da babban yatsa, iskar huhu ta bi ta marfin ta fito da murya. Ita ta fi kama da magana ta sosai. Aibinta marfin yana lalacewa, duk bayan 'yan watanni sai an sauya, kuma da dala ake sayo shi. Wannan tsada ce ta sa wani likita a Bangalo ta Indiya, Vishal Rao, ya haɗa kai da abokinsa suka ƙera nasu mai suna Aum, suka sa masa farashin rupi 50, abin da bai kai dala ɗaya ba.

Duk waɗannan an fara gina su ne a kan harsunan Turai, Hausa kuwa tana da nata sha'ani. Harshe ne mai karin sauti. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. Binciken da aka yi a kan masu harshen Kanton da na Tailan, waɗanda su ma karin sauti ke raba musu ma'ana, ya nuna masu na'urar hannu su suka fi asarar wannan bambanci, domin sautinta a miƙe yake. Sannan ga baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka ka ce ƙa, za ka ji ya yi tsalle sama. Ka ce ɓa, ka ji ya yi ƙasa. Da akwatin murya ake yin ƙ da ts da ɓ da ɗ da 'y. In babu shi, baki da baƙi sun kusa zama ɗaya, haka kara da ƙara, bata da ɓata. Harafin h ma yana ba duk wanda aka yi wa wannan aiki wahala. Kalmar haƙuri, wadda ya fi ji daga bakin mutane, ta haɗa biyun.

Abin bai kai a yanke ƙauna ba. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, wasu ma ba sa sa lanƙwasa, amma muna karantawa mu gane, saboda zancen da ke kewaye yana warware ma'ana. Kunne ma yana iya koyon haka. Shi ya sa horon nan rabinsa na masu sauraro ne: a kashe rediyo, a fuskance shi, a dubi leɓɓansa, a jira ya kai aya, kada a ƙarasa masa magana, kuma in ba a gane ba a ce ba a gane ba. Gyaɗa kan ƙarya yana gane shi, kuma ya fi komai ci masa rai.

Wanda ya riga ka

A Tokyo akwai wata ƙungiya mai suna Ginreikai da aka kafa a 1954. Masu koyar da maganar gyatsa a cikinta duk mutane ne da aka cire wa akwatin murya, kuma sun horar da irinsu a ƙasashen Asiya da dama. A Amurka an haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi a inuwa ɗaya tun 1952. A Ingila wani likita, Thomas Moors, ya kafa Shout at Cancer a 2015, inda marasa akwatin murya ke rera waƙa tare a gaban jama'a. Itzhak Brook, likitan da shi kansa aka yi wa aikin, ya rubuta littafin jagora da ake rabawa kyauta cikin harsuna da yawa. Hikimar duk ɗaya ce. Likita zai iya yi maka bayani na awa guda, amma minti biyar da mutumin da ya shigo da ƙafarsa, ya zauna, ya ɗaga ƙyalle ya nuna maka, ya ce maka sannu da sabuwar muryarsa, sun fi. Asibitin da ke yin wannan tiyata, benci biyu da shayi da rana ɗaya a wata sun ishe shi ya fara.

A irin wannan zama ne ake koyon abubuwan da ba sa cikin takardar sallama. Hunturu, misali. Hanci ne ke tace iska ya ɗumama ta ya jiƙa ta, yanzu kuwa ƙurar Disamba kai tsaye take shiga. Kaki ya bushe ya yi ɓawo, wani lokaci har da jini. Akwai matatar roba da ake mannawa, mai tsada, amma tela na iya ɗinka ƙyallen auduga mai ruɓi biyu, a riƙa ɗan yayyafa masa ruwa, a yi turiri da dare. Ƙamshi ma ana iya dawo da wani abu daga cikinsa ta wata dabara da likitocin Amsterdam suka koyar, a yi kamar ana hamma baki a rufe, iska ta ɗan ratsa hanci. Kuma dole 'yan gida su san cewa in ya faɗi, a wuya ake ba shi iska, ba a baki ba.

Akwai tambayar da ke hana wasu barci ba su kuma iya yi: sallata ta yi kuwa, tunda ba na iya karatu a bayyane, ba na shaƙa ruwa? Malamai ba su yi saɓani ba cewa abin da mutum ba shi da iko a kai an ɗauke masa. Amma sai wani malamin da yake girmamawa ya zo ya faɗa masa a kunnensa. Wannan ziyara tana cikin jinya.

Sai ita mai ɗakin, wadda ba wanda ke yi wa sannu. Ita ke goge kaki da tsakar dare, ita ke dama kunu sau biyar, ita ce tafinta, kuma a kanta fushin ke sauka. Tari da wari da numfashin da ke busowa daga wuya sukan raba shimfiɗa, ba mai iya tayar da zancen, har likita. In mace ce majinyaciyar, mayafi yana rufe ƙofar wuyan, amma ba ya rufe fargabar kishiya ko takarda. A wasu gidaje a ware wa mai ciwon kofi da cokali, alhali sankara ba a ɗaukarta. In kuma an ambaci HPV, zargi ya shigo, alhali ƙwaya ce da akasarin manya ke haɗuwa da ita, tana iya kwanciya shekaru masu yawa kafin ta yi ɓarna, ba ta zama shaidar cin amana.

Kuɗi kuwa shi ne rabin damuwar. Injinan gashi kaɗan ne, sai an yi tattaki zuwa irin su Zariya, Sakkwato ko Abuja, ko cibiyar da aka buɗe a Katsina a 2025. A Nijar sai 2021 aka samu na farko a Yamai. Mako bakwai a garin da ba naka ba, da mai jinya, da haya, da abinci, ga gona ko rumfa a rufe. Asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara a 2021 da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ya soma. Mai ciwon maƙogwaro gonarsa ce asusunsa.

Maƙwabcinmu a layin ganin likita ya samu nasa malamin. Wani tsohon direba ne da aka yi wa aikin shekaru kafin shi. Ya gan shi zaune ya sunkuyar da kai, ya matso ya ce masa da wata murya mai kauri kamar daga cikin tulu, "Malam, kwana nawa?" Ɗan ya ce tun da suka fara zuwa asibitin bai ga Baba ya zuba wa mutum ido haka ba. Suka karɓi lambar juna, duk da ba mai iya kiran wani, 'ya'yansu ke haɗa su. Direban ya nuna masa yadda ake danna iska da harshe, ya ce ya fara da ta, ta, ta. Ya yi wata biyu ba abin da ke fita sai gyatsa, jikoki suna dariya, shi yana tsaki. Kalmar da ta fara fita ita ce "to".

Bai koma dillanci kamar da ba. Muryar ba ta wuce kalma uku ko huɗu a tashi ɗaya, hayaniyar kasuwa kuma tana haɗiye ta. Ɗan ne ke rumfar yanzu, shi yana zama a kan buhu daga ciki, da ƙyallensa da gorar ruwa. Ran nan na je awo, na tarar wani baƙo yana taya buhun gero, ya faɗi kuɗin da bai kai ba, ɗan har ya fara sassautowa. Sai tsohon ya ɗaga hannu. Muka yi shiru. Ya motsa harshe, ya haɗiyi iska, wuyansa ya ɗan kumbura.

"Albarka," in ji shi.

Baƙon ya ƙara ɗari biyar.